KINDIRMO, ƘIBA DA CIWON SUKARI: DARASI DAGA UNGUWAR LIMANTI

Gabatarwa

Limanti tana ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Maiduguri, ba ta da nisa da fadar Mai Martaba Shehun Borno. Kamar sauran unguwannin birnin, da wuya gari ya waye rana ta faɗi mace ba ta ratsa ta ɗauke da ƙwarya ko roba tana tallar nono ba. Magidanci ya tsai da ita, a auna masa kindirmo, a dama masa fura, sa'an nan ya kawo sukari cokali uku ko huɗu ya zuba, ya sha ya yi hamdala.

A cikin wannan ƙwarya guda akwai abubuwa biyu da masana kiwon lafiya suka sa wa ido. Na farko shi ne ƙananan halittu masu rai da suka mai da madara ta zama nono, waɗanda bincike yake nuna suna da amfani ga jiki. Na biyu shi ne sukarin da aka zuba, wanda yawansa yake jawo ƙiba, ita kuma ƙiba take buɗe wa ciwon sukari ƙofa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a abin da ya tabbata game da waɗannan halittu, da abin da har yanzu ake kan gwadawa, domin kada kowa ya raina abincin gida, kada kuma a ruɗe shi ya ɗauki nono a matsayin magani.

1. Girman matsalar

Ciwon sukari cuta ce da sukari yake taruwa a cikin jini fiye da kima. Duk abincin da aka ci, tuwo ne ko burabisko ko shinkafa, ciki yakan narkar da shi ya zama wani irin sukari da ke shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci suna kiranta fankiriyas, wadda take fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin kamar na mabuɗi ne: shi yake buɗe tsoka da kitse domin sukari ya shiga, jiki ya sami ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko kuwa jiki ya daina jin kiransa, sai sukari ya tsaya a jini, ya riƙa ɓata ido da ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙafa sannu a hankali.

Cutar iri biyu ce manya. Iri na ɗaya ya fi kama yara da matasa, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin, wanda Frederick Banting da Charles Best suka fitar a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1921. Iri na biyu shi ne ya fi yawa, don kusan mutum tara cikin kowane goma masu ciwon sukari shi suke fama da shi. Shi ne kuma yake tafiya tare da ƙiba da rashin motsa jiki, shi ne ake iya yi wa rigakafi, a kansa kuma wannan darasi ya tsaya.

Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne suke da cutar a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kimanin miliyan 3.6 kuwa a Nijeriya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fiye da rabin masu ita a Afirka ba su ma san suna ɗauke da ita ba.

2. Yadda kitse yake girma a jiki

Mutane da yawa suna zaton kitse wani mai ne kawai da ya daskare a ƙarƙashin fata. Ba haka ba ne. Kitse tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu rai, kowace ɗaya kamar ɗan ƙaramin rumbu, inda jiki yake ajiye rarar abinci domin ranar yunwa. Kowace ƙwayar kitse takan faro ne daga wata ƙwaya 'yar siririya wadda ba ta da mai a cikinta. Idan jiki ya ba ta umarni, sai ta sake kama, ta zama kewayayya, ta fara tara mai.

A shekarar 2008 masana a Cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa yawan ƙwayoyin kitsen mutum yakan daidaitu ne tun yana yaro zuwa samartaka. Bayan ya girma adadin ba ya sakewa sosai, sai dai kimanin kashi 10 cikin ɗari sukan mutu a kowace shekara, sababbi su maye gurbinsu. Saboda haka idan babban mutum ya rame, rumbunan ne suka ragu da kaya, ba rushewa suka yi ba. Wannan ya sa ƙibar yara abin kula ce ƙwarai.

Manomi ya san abin da yake faruwa idan aka ɗura wa rumbu hatsin da ya fi ƙarfinsa: sai ya tsage, hatsi ya zube, ƙwari su samu. Haka ƙwayar kitse take. Idan ta cika ta kumbura, musamman a teɓa, sai ta riƙa tsiyayar da mai cikin jini, man ya je ya zauna a hanta da tsoka, ta kuma riƙa fitar da sinadaran da ke jawo kumburi a ɓoye. Waɗannan abubuwa su suke toshe wa insulin hanya. Fankiriyas ya yi ta ƙara aiki har ya gaji, daga nan ciwon sukari ya bayyana.

Ya kamata a lura cewa laifin ba na kitsen kansa ba ne. Akwai wata cuta da ba a cika samu ba, wadda masu ita ake haifar su kusan ba su da kitse ko kaɗan, kuma sukan kamu da ciwon sukari mai tsanani, domin rarar abincinsu ba ta da wurin zama sai hanta. Abin nema shi ne rumbuna masu lafiya waɗanda ba a cika musu kaya ba.

3. Baƙin da suke zaune a hanji

A cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. An ƙiyasta a shekarar 2016 cewa a jikin baligi ɗaya sun kai tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji, nauyinsu duka kimanin giram 200. Jama'a sun saba jin sunan bakteriya tare da kwalara da taifot da tarin fuka, amma mafi yawan na hanji ba sa cutarwa, wasunsu ma ma'aikata ne da jiki ba ya son rabuwa da su.

Wanda ya fara jawo hankalin duniya ga wannan shi ne Élie Metchnikoff, masani ɗan asalin Rasha da ya yi aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris. A shekarar 1907, watau shekarar da aka kafa Yerwa, ya wallafa ra'ayinsa cewa tsawon ran manoman Bulgeriya yana da alaƙa da nonon da suke sha kullum. Shekara biyu kafin nan wani ɗalibin likita ɗan Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano bakteriyar da take tsamar da nonon ƙasarsu. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tsai da ma'anar kalmar furobayotik: halittu ne masu rai waɗanda idan aka ci su gwargwadon da ya isa sukan amfani lafiya.

Mai nono a Borno, Bafulatana ce ko Bashuwa, tana aiki da dangin waɗannan halittu ko da ba ta taɓa jin sunansu ba. Takan tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya a matsayin iri, ta rufe ta ajiye ya kwana. Cikin dare bakteriyar da ke cikin irin, musamman dangin Laktobasilus, sukan cinye sukarin madara su mai da shi tsami. Tsamin ne yake daskarar da madara ta zama kindirmo, shi ne kuma yake hana miyagun ƙwayoyi da yawa yaɗuwa. Irin wannan aiki ne yake faruwa a ƙullun koko da na kunun zaƙi da na waina. Ita kuwa daddawa wata bakteriya ce dabam, mai suna Basilus, take ruɓar da kalwa ta ba ta ƙamshinta.

4. Abin da aka gani a ɗakin gwaji

A Jami'ar Washington da ke birnin Sent Luwis a Amurka, Farfesa Jeffrey Gordon da abokan aikinsa sun reni ɓeraye a cikin akwatunan da babu bakteriya ko ɗaya. A shekarar 2004 suka ba da rahoton cewa da aka sa wa waɗannan ɓeraye bakteriyar hanjin 'yan'uwansu, cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari, alhali kuwa cin abincinsu raguwa ya yi. A shekarar 2013 suka ɗebo bakteriyar hanjin tagwaye mata, ɗaya mai ƙiba ɗaya siririya, suka sa wa ɓeraye. Waɗanda suka sami na mai ƙibar sun fi tara kitse. Daga nan aka tabbatar cewa mazauna hanji suna da hannu cikin yadda jiki yake ajiye abinci.

To, ta yaya halittar da ke cikin hanji za ta taɓa kitsen da ke ƙarƙashin fata? Amsar ita ce ta hanyar sinadaran da take fitarwa. Ga uku daga cikinsu.

Na ɗaya, akwai wasu ƙananan sinadarai masu tsami, watau asetat da furofiyonat da butirat. Bakteriya suna samar da su ne idan suka sami dusa da zare-zaren abinci waɗanda cikin mutum ba ya iya narkarwa. Butirat shi ne abincin bangon babban hanji, yana ƙarfafa shi domin kada guba ta tsiyaya cikin jini. Su kuma sauran sukan sa hanji ya fitar da sinadarin da yake gaya wa mutum ya ƙoshi, yake kuma taimaka wa fankiriyas ya saki insulin a kan kari. A shekarar 2013 masana a Japan suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa ƙwayar kitse tana da wata kafa da take jin waɗannan sinadarai, kuma idan ta ji su takan rage tara mai.

Na biyu, akwai wani abu mai yauƙi da wasu bakteriyar nono suke lulluɓe kansu da shi, wanda yake taimakawa wajen ba kindirmo kaurinsa. Domin gwada irin wannan abu, masana suna amfani da wasu ƙwayoyin ɓera da Howard Green da Olaniyi Kehinde suka ware a Amurka a shekarar 1974, waɗanda ake iya renonsu a faranti har su zama ƙwayoyin kitse ana kallo. An ga cewa idan aka ɗiga musu yauƙin wasu irin Laktobasilus, man da suke tarawa yakan ragu.

Na uku, akwai wata bakteriya mai suna Akkermansiya, wadda aka gano a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan a shekarar 2004. Tana zaune ne a majinar da ta shafe bangon hanji, kuma an lura takan yi ƙaranci a cikin masu ƙiba. Masana a Beljiyam suka gano cewa ko an kashe ta da zafi amfaninta ga ɓeraye ba ya gushewa, suka kuma danganta wani sashe na amfanin ga wani sinadari da ke jikin fatarta. A shekarar 2019 suka ba da sakamakon gwajin wata uku da mutum 32 masu ƙiba suka kammala, inda waɗanda aka ba matacciyar bakteriyar jikinsu ya ƙara jin insulin.

5. Abin da aka gani a jikin mutane

A nan ne ya wajaba mai karatu ya yi hattara. Faranti ba jiki ba ne, ɓera kuma ba mutum ba ne, mutum 32 kuwa ba su isa a kafa hukunci a kansu ba. Bugu da ƙari, hana ƙwayar kitse girma a faranti ba lallai ne ya zama alheri a jiki ba, tun da an riga an ga abin da rashin rumbu yake jawowa.

Duk da haka akwai alamu masu ƙarfafa gwiwa. A Japan, a shekarar 2010, an ba mutum 87 masu teɓa nono na tsawon mako 12, rabinsu an sa wa nasu wata zaɓaɓɓiyar Laktobasilus. Kitsen cikin waɗannan ya ragu da kusan kashi 5 cikin ɗari. A shekarar 2014 masana a Jami'ar Harvard suka haɗa bayanan dubban ɗaruruwan mutane, suka ga masu shan yogot sau ɗaya kullum haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya yi ƙasa da kimanin kashi 18 cikin ɗari. A watan Maris na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin yogot cewa shan kofi biyu a mako yana iya rage haɗarin, amma da sharaɗin a bayyana cewa hujjar taƙaitacciya ce.

Sai a gwada wannan da wani babban gwaji da aka yi a Amurka da mutum 3,234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa. Sakamakonsa, wanda ya fito a shekarar 2002, ya nuna cewa waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Babu wani nono ko ƙwayar furobayotik da ta taɓa kusantar wannan adadi. Watau dai nono mataimaki ne, amma ginshiƙin rigakafi shi ne rage ƙiba da motsa jiki.

Haka nan ba kowace bakteriyar nono ce aka tabbatar da amfaninta ba. Kamar yadda gero yake iri-iri, haka su ma suke, abin da wata ta yi wata ba ta yi. Wanda duk ya zo da kwalba ko garin magani ya ce yana warkar da ciwon sukari, neman kuɗi yake yi. Mai cutar da ya ajiye maganin likita ya koma wa irin wannan, yana iya wayar gari da makanta, ko ciwon ƙoda, ko gyambon da zai kai a yanke masa ƙafa.

6. Abin da ya kamata magidanta su yi

(a) A ci gaba da shan nono da kindirmo, amma a janye hannu daga sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2015 cewa kada sukarin da babban mutum yake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da cokali 8 ko 9, kuma don rage shansa ne Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita. Mai shan shayi sau uku a yini shi ma ya lissafa nasa. Yogot na kanti mai zaƙi ba ya cikin abin da ake yabo.

(b) A tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale. A wanke ƙwarya da ludayi, kada kuma a sirka nono da ruwan da ba a amince da shi ba.

(c) A ciyar da bakteriyar hanji. Abincinsu shi ne wake da gero da dawa waɗanda ba a surfe su ƙwarai ba, da kuka da kuɓewa da zogale da rama da albasa. Farar shinkafa da burodi da taliya ba sa kai musu kome. Ita ma fura hatsi ce, a sha ta daidai wa daida.

(d) A daina sayen kafso ana sha ba tare da umarnin likita ba, gama yana kashe bakteriya masu amfani tare da masu cutarwa.

(e) Uwa ta shayar da jaririnta nononta zalla har wata 6. A cikinsa akwai abincin da aka tanadar wa bakteriyar kirki ta hanjin jariri. Kada a saba wa yara da alewa da lemon kwalba.

(f) A yi tafiya da sauri minti 30 a yini, kwana 5 a mako. Mazaunin Limanti da zai je Kasuwar Litinin ko masallacin Juma'a, in yana da lafiya, ya taka da ƙafa maimakon hawa keke mai ƙafa uku.

(g) A auna ƙugu da awon tela, daidai saitin cibiya. Namijin da ya kai santimita 94, da macen da ta kai 80, su fara kiyayewa.

(h) A je a gwada jini, musamman wanda ya wuce shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda akwai cutar a danginsa, ko macen da sukarinta ya hau lokacin goyon ciki. Yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama ba dalili, da ciwon da ya ƙi warkewa, duk alamu ne. Idan awon safe kafin a karya ya nuna 7.0 ko 126, gwargwadon ma'aunin da aka yi aiki da shi, ko fiye da haka, to sai a ga likita. Ana yin wannan gwaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da Asibitin Ƙwararru na Jiha, da sauran asibitoci a duk faɗin ƙasar nan.

Kammalawa

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya, kuma a wurare da yawa akan yi gwaji kyauta a ranar. Ana roƙon masu unguwanni da limamai da malaman makarantu da shugabannin mata su karanta wa jama'arsu wannan darasi, su kuma ja gaba wajen zuwa gwaji. Masana suna ci gaba da bincike a kan sinadaran bakteriya, kuma mai yiwuwa ne wata rana a sami magani daga cikinsu. Kafin wannan rana, abin da magidanci yake da iko a kansa shi ne cokalin sukarin da ke hannunsa, da hatsin da ake dafawa a gidansa, da tafiyar da zai yi da ƙafarsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne aikin insulin a jiki?
2. Me yake faruwa idan ƙwayar kitse ta cika fiye da kima?
3. Waɗanne irin abinci ne bakteriyar hanji take bukata?
4. Don me ake tafasa madara kafin a yi kindirmo?
5. Tsakanin shan nono da rage ƙiba tare da motsa jiki, wanne ne gwaji ya nuna ya fi kare mutum daga ciwon sukari?